Motar da Baba Ya Yi wa Kaffara

Kun taso kun tarar da farar motar nan a ƙarƙashin darbejiyar gidan Kakanku a Gumel, tayoyinta sun sace, kaji na fakewa a ƙarƙashinta, kuma na san kun ji labarinta iri biyu. 'Ya'yan Kawu Ali na Maigatari suna cewa Kakanku ya karya rantsuwa a kanta. Gwaggonninku kuma suna cewa bai karya ba, tunda motar ƙirar gida ce. Kowane ɓangare ya riƙe gefe guda ya bar sauran. Ni aka aika na binciko asalin motar, ni kuma na kawo amsa, don haka zan rubuta muku yadda abin ya kasance tun muryoyinsu ba su dushe a kunnena ba.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a wata masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna. Ina goye aka sallame su, lokacin da tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta iyaka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, mutane suka daina sayen sabuwa. Ranar da aka sallame su, Baba ya tsaya a bakin ƙofar masana'antar a gaban abokan aikinsa ya rantse da Allah cewa kuɗinsa ba za su taɓa sayen motar waje ba. Ya dawo Gumel ya buɗe ƙaramin gareji. Duk motar da aka kawo masa yana gyarawa, ta Jamus ce ko ta Japan, don da ita muke ci. Amma shi a keke yake zuwa, a keke yake dawowa, da leda ɗaure a bayan sirdi. Kawu Ali, ƙanin Inna, sana'arsa ke nan shigo da 'yan Kwatano ta Maigatari, kuma da yake ƙanin mata abokin wasa ne, ba ya zuwa gidanmu bai taɓa Baba ba.

"Injiniya, wannan keken naka a Gumel aka ƙera shi, ko a Sule Tankarkar?"

"Mota na ce, ban ce keke ba," in ji Baba. "Kai dai ci gaba da kwaso mana gawarwakin Turawa."

Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A shekarar da nake ba ku labari ina ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai. Ban iya magana cikin mutane ba. In malami ya yi tambaya a aji, ko na san amsa sai in sunkuyar da kai in bar wata ta faɗa ba daidai ba. Amma in aka sayo magani a gidanmu sai na zaro takardar cikin kwalin na karanta ta har ƙarshe, har ƙananan rubutun da ba mai kulawa da su. Ƙannena suna yi mini dariya a kan haka. Baba bai taɓa yi ba.

A shekarar ce ƙodar Inna ta gaza. Likita ya ce sai an riƙa kai ta Kano wankin ƙoda, ba fashi, kuma da yake Baba ba zai iya rufe gareji kullum ba, ni nake raka ta. Mukan je tasha da sassafe mu zauna a mota mu jira ta cika. Wani lokaci mu ne farko, sai rana ta ɗaga ba a tashi ba, Inna na jingine da gilashi tana jin kwandasta yana kiran saura mutum ɗaya, alhali saura uku. Zuwa da sauƙi. Dawowa ce wahala, don bayan an cire ta daga injin jikinta yakan zama kamar tsumman da aka matse, ga mutane an cusa a kujerar baya, ga buhu a kan ƙafa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Abin da kawai takan ce shi ne, da za ta samu ta ɗan runtsa a hanya da ta ji daɗi, amma ba ta iya barci a jikin baƙo.

Wata rana ana tsakar zafin bazara motar ta mutu mana gab da Gagarawa. Direba ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon injin, fasinjoji suka fara tare wasu motoci ɗaya bayan ɗaya suna tafiya, mu kuwa ba mai ɗaukar mara lafiya da ba ta iya matsi. Na kama Inna muka je gindin wata tsamiya a bakin titi. Wata Bafillatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta ce Inna ta kwanta, ta zauna tana yi mata fifita da faifai har la'asar. Da muka iso gida sai da aka ɗauko Inna daga a-daidaita-sahu zuwa ɗaki. Baba na tsaye a tsakar gida da hannunsa duk baƙin mai. Washegari ya hau mota ya tafi Sule Tankarkar, ya sa gonar da ya gada a wurin mahaifinsa a kasuwa don ya saya wa Inna mota.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, tunda ga Kawu Ali da motoci jere a Maigatari. Limamin unguwarmu ma ya zo da kansa ya gaya wa Baba cewa wanda ya yi rantsuwa, sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya ce wa Inna ya san hukuncin tun ba yau ba. Ya ce abin da Liman bai sani ba shi ne fuskokin mutanen da ya yi rantsuwar a gabansu. Ya ambaci wani abokinsa da ya koma tura baro a kasuwa har ya rasu. Ya ce in ya miƙa kuɗin gonar ubansa aka ba shi 'yar Kwatano, bai san da wane ido zai dubi wannan mutum ba ranar da za su haɗu.

A cikin kwanakin ne aka fara tallar wata sabuwar mota a rediyo, mai araha, ana cewa ƙirar gida ce, 'yan ƙasa suka yi ta don 'yan ƙasa. Na ga Baba ya ƙara murya ya matsar da rediyon kusa da kunnensa. Ranar Juma'a Kawu Ali ya zo gaishe da Inna, Baba ya gaya masa ya samu mafita. Kawu ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa.

"Wace ƙirar gida? Injiniya, sunan ne kawai na gida. Cikinta 'yar China ce tun daga kai har ƙafa. A akwati ake kawo ta, a ɗaura mata tambari, a ce maka taka ce."

"Ka gani da idonka?"

"Sai na gani? Sana'ata ce."

"Sana'arka ce ka kushe ta," in ji Baba. Ya juya wajena, ina bakin murhu. "Uwata, in kun je Kano ki je inda ake sayar da ita. Ki duba mini, ki tambaya. Ta gida ce ko ta waje. Abin da kika ce da shi zan yi aiki."

Da Kawu zai tafi ya ce in rako shi, a zaure ya tsaya, dariyar ta bar fuskarsa.

"Malama, bakina ya yi mini sauri. Wasa nake yi da shi, na manta da Yaya. Ki je ki dawo ki ce masa ta gida ce. Ba sai ya saya a wurina ba, wallahi ko a ina ne ya saya. Ke kika ga yadda aka shigo da ita rannan."

Na sunkuyar da kai har ya fita. Na koma ɗaki na tarar da Inna ta ji komai, da yake zauren jikin ɗakinta yake. Tana kwance ta ce in matso.

"Babanki bai aike ki don kin fi kowa ilimi ba. Ya aike ki don ba ki taɓa ce masa an share tsakar gida alhali ba a share ba. Kada ki fara a kaina."

"Inna, in na ce ta waje ce fa?"

"Sai mu ci gaba da zuwa tasha. Ai mun san hanya."

Zuwanmu na gaba, bayan an ɗora Inna a kan inji na bar ta da wata mata da muka saba da ita, na hau a-daidaita-sahu na tafi wurin. Na daɗe a tsaye a waje ina kallon motocin ta gilashi kafin na iya shiga. Mai sayarwar matashi ne mai ƙamshin turare, ya ga hijabina da jakar asibiti ya san ba mai saye ba ce, amma ya yi mini kirki. Na tambaye shi da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji, ya ce ta gida ce tsantsa. Na ce ya buɗe mini gaba in ga injin. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya buɗe. 'Yar mai gareji ce ni, na san inda ake duba. A jikin injin akwai rubutu irin na mutanen China, haka a jikin akwatin giya, haka a ƙarƙashin fitila. Batirin kuwa na nan ƙasar ne. Na nuna masa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, har ya gaji ya jawo kujera ya ce in zauna.

"Hajiya, ke 'yar jarida ce?"

Na ce a'a, babana ne ya aiko ni.

Sai ya gaya mini gaskiya. Ya ce kamfanin na mutum biyu ne, wani attajiri ɗan ƙasa da wasu 'yan China, haɗin gwiwa suka yi. Injin da giya da ƙarfen jiki a akwatuna suke zuwa ta jirgin ruwa. A nan ake haɗawa, a nan ake fenti, a nan ake ɗinka kujeru. Ina shirin fita sai na ga wani saurayi cikin shuɗin kayan aiki yana goge wata da aka sauke daga tirela a ranar. Ya ce daga masana'antar ya biyo motocin, aikinsa ɗaura ƙofofi. Na tambaye shi ko suna da yawa. Ya ce in aka tashi cin abinci sai an yi layi har waje, kuma shi da albashin ya yi aure bara. Ya buɗe ƙofar ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, ya ce in saurari ƙarar, wannan hannunsa ne.

Duk hanyar dawowa Inna na jingine a kafaɗata ina juya amsar a raina. Da na ce ta gida ce, da na faɗi rabi. Da na ce ta waje ce, shi ma rabi ne. Na so a ce ni irin mutanen da ke iya zaɓar rabin da ya fi musu amfani ce.

Baba ya bari sai Juma'a, don ya ce a gaban Ali aka fara, a gabansa za a ƙare. Bayan an sauko daga masallaci suka zauna a tabarma a ƙofar ɗakin Inna, aka ɗage labule don ta ji. Na durƙusa a gefe, ina kallon saƙar tabarmar. Kawu yana ta ƙoƙarin mu haɗa ido, na ƙi. Na fara daga injin, na bi ta giya, da fitila, da batir, da kujeru, da fenti, da masu kamfanin, da akwatunan, ban tsallake komai ba. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban namiji ba, har Baba. Da na gama na ce:

"Baba, ba ta gida ba ce tsantsa yadda suke faɗa a rediyo. Ba kuma ta waje ba ce irin na Kawu. Haɗin gwiwa ce. Amma in zuciyar mota ake tambaya, injinta daga waje yake."

Na ji Kawu ya sauke numfashi, ya juya kai gefe. Da Baba ya buɗe baki, bai tambayi injin ba.

"Yaron nan da kika gani, mai ƙofofi. Ya ce suna da yawa?"

"Ya ce layin abinci har waje."

"Mu ma haka ne." Ya shafa gwiwarsa. "Mu ma a akwati take zuwa mana. Daga Turai. Ni nake fasa akwatin injin da hannuna, in ciro shi da takardar mai a jikinsa. Turawan ma suna nan a ofishin sama, da rabonsu a kamfanin."

Kawu ya juyo. "Injiniya, shekara da shekaru kana ce mana ku kuka ƙera."

"Mu muka haɗa. Da muna cewa tamu ce, ba wanda ya hana mu, don mu muke tashi da asuba dominta." Ya dube ni. "Ban taɓa zama na rarraba abin gida-gida yadda Uwata ta yi ba. Da na yi, da ban ce motar waje a rantsuwata ba. Da na ce motar da ba ta ciyar da kowa a nan."

Inna ta yi magana daga ɗaki, a hankali. "To yanzu me ka ce, Malam?"

"Zan saye ta. Kuma zan yi kaffara, don abin da bakina ya faɗa shi ne motar waje, kuma Uwata ta ce injinta na waje ne. Ba zan yi wa Allah wayo da tallar rediyo ba."

Nan fa Kawu ya dawo da halinsa, don ya ga 'yar'uwarsa ta samu mota.

"To tunda rabinta na gida ne, ai miskini biyar ya ishe ka."

Inna ta yi dariya har tari ya kama ta. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ciwon. Kawu ya ƙara da cewa tunda dai kaffarar za a yi, ga 'yar Kwatano nan ta fi ƙarfi ta fi araha, ba sai gonar ta tafi duka ba. Wannan karon ba wasa yake yi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Baba ya ce kaffara ta ɗauke masa abin da bakinsa ya faɗa, amma ba ta ɗauke abin da ya nufa ba, kuma yaron nan mai ƙofofi yana da mata.

Gonar ta tafi duka. Ku sani, wannan shi ne abin da Baffanmu na Sule Tankarkar, ɗan'uwan Baba, bai yafe ba har ya koma ga Allah, kuma shi ya sa ba ku da ko taki ɗaya a can. Ni na dafa abincin kaffarar, shinkafa da miya da nama, irin wanda ba mu ci a gidanmu sai da salla. Baba ya ƙi a aika yara, shi ya ɗauki kwanukan a bayan kekensa ya bi mutanen har inda suke zama. Sai da ya dawo da kwanukan wayam sannan ya je Kano ya ɗauko motar.

Ba zan yi muku ƙarya a kanta ba. Kawu ya yi gaskiya, ba ta da ƙarfi. Damina ɗaya ta fara ƙara a ƙasa, robobinta suka bushe, kayan gyaranta sai an aika nesa a jira. Ranakun da Baba ya kwana biyu a ƙarƙashinta suna da yawa, Kawu na tsaye a kansa yana tambaya ko ɓangaren gida ne ya lalace ko na waje. Amma ba ta taɓa mutuwa da Inna a ciki ba, don duk jajibirin tafiya Baba yakan bi ta ƙusa-ƙusa tun kafin magariba. Ƙofofinta kuwa har yau in kun rufe za ku ji sun zauna da ƙara ɗaya. Ku je ku gwada.

Tafiyarmu ta farko a cikinta ce na fi tunawa. Baba ya rufe gareji ya tuƙa da kansa, cikin farar rigarsa ta Juma'a. A dawowa ya kwantar wa Inna da kujerar gaba, na sa mata matashi, ni na zauna a baya ni kaɗai, ga fili har ban san inda zan sa hannuna ba. Ledar kujerun ma ba a cire ba. Ba mu fita daga Kano sosai ba na ga kan Inna ya karkata, numfashinta ya daidaita. Baba ya kashe rediyo. Duk ramin da ya hango sai ya rage gudu ya kewaye shi, manyan motoci na ta yi mana ham suna wucewa, bai kula ba.

Da muka zo gab da Gagarawa na hango tsamiyar nan, har da wata mai nono a gindinta, ban sani ba ko ita ce. Na miƙa hannu zan taɓa kafaɗar Inna in nuna mata. Baba ya gan ni ta madubi, ya girgiza kai.

"Bar ta, Uwata," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Ta daɗe tana son barcin nan."

Ba ta farka ba sai a ƙofar gida. Damina huɗu ta ƙara a duniya, kuma duk a wannan kujerar ta yi tafiyarta. Bayan rasuwarta mutane sun zo saye, Kawu ma ya ce zai karɓa ya ba shi wadda ta fi ta, Baba ya ajiye ta a ƙarƙashin darbejiya ya koma kan kekensa. In wani ya sake tambayarku ko Kakanku ya karya rantsuwa, ku ce ya karya, ya biya, kuma ya cika ta, duk a mota ɗaya. In ya ce bai gane ba, ku turo shi wurina.